Maganin ƙwari a jikin kowace ƙwayar iri: wa ya tambayi manomi?

A wani shirin rediyo da ake buɗe layi, ana tattauna rigimar da ta tashi a Faransa a watan Yulin 2025 kan maganin ƙwari, sai wani bawan Allah ya bugo waya ya ce Turawa dai sun ƙoshi, shi ya sa har suka samu sukunin yi wa ƙudan zuma kuka. Ya ce mai neman abin da zai sa a bakin salati ba ruwansa da ƙwaro. Mai gabatarwa ya yi dariya, aka wuce. Ni kuwa maganar ta tsaya min a rai.

Abin da ya faru shi ne, majalisar dokokin Faransa ta zartar da dokar da ake kira dokar Duplomb, wadda a cikinta aka nemi sake halatta wani magani mai suna asetamifirid. Yana cikin dangin magungunan da ake kira niyonikotinoyid, ko niyonik a taƙaice, waɗanda ƙasar ta haramta tun watan Satumban 2018. Mutum sama da miliyan biyu suka sa hannu a takardar koke a shafin majalisar, kuma ranar 7 ga Agusta majalisar da ke kare tsarin mulkin ƙasar ta soke wannan sashe na dokar.

Mai kiran wayar ya ɗauka kokawa ce tsakanin manomi da ƙudan zuma, dole ɗaya ya sha ƙasa. Ban yarda ba. A mafi yawan wuraren da ake zuba wannan magani yau, manomi bai ƙaru da komai ba, kuɗinsa kawai ake ci, ƙasa da ruwa kuma suna shan guba. Saboda haka ina goyon bayan a sa masa takunkumi. A ciyawar ƙawata gida a hana shi kwata-kwata. A irin shuka kada a shafa shi sai an nuna ƙwaron da ake tsoro yana gonar. Inda kuwa ƙwari suka kama amfani da gaske, babu wata dabara, a bar manomi ya yi aiki da shi bisa ƙa'ida. Ba na tare da masu cewa a share shi daga doron ƙasa gobe da safe, kuma zan faɗi dalilina in mun yi nisa.

Abin da ya raba shi da feshin da muka sani

Kamfanin Bayer na Jamus ne ya fito da na farkonsu, imidakilofirid, a 1991. Daga baya aka samu kilotiyanidin da tiyametokzam da sauransu. Ƙirarsu ta ɗauko ta nikotin ɗin da ke cikin taba, kuma jijiyoyin ƙwaro suke kamawa, ya rikice, ya shanye, ya mutu. An karɓe su hannu bibbiyu domin ba su kai tsofaffin magunguna illa ga mutum da dabba ba. Kafin a ankara sun zama maganin ƙwarin da aka fi sayarwa a duniya.

Feshin da muka saba gani a bayan ganye yake zama, rana ta ƙona shi, ruwa ya wanke shi. Wannan kuwa narkewa yake yi, saiwa ta tsotse shi, ya bi jikin tsiro har kara da ganye da fure. Duk ƙwaron da ya ciji tsiron ya ci guba. Ƙudan zuman da suka zo ɗibar ruwan fure da garinsa su ma sun ɗiba, ko da ba su aka nufa ba.

Ba sai sun faɗi nan take ba. Wani bincike da aka wallafa a Faransa a 2012 ya nuna ƙudan da suka sha kaɗan sukan kasa gane hanyar komawa amya. A shekarar dai, wani binciken na Birtaniya ya duba wani nau'in ƙudan zuman daji mai jiki da gashi-gashi, ya tarar sarauniyoyin da gidansu ke fitarwa sun ragu da kashi 85 cikin ɗari. Gidan da bai fitar da sarauniya ba kuwa, baɗi babu shi. Ga shi maganin ba ya saurin ruɓewa. Wasu daga cikinsu kan yi watanni a cikin ƙasa, wani lokaci fiye da shekara.

Ƙwayar masara mai launi

Duk wanda ya taɓa buɗe buhun irin kamfani ya san launin nan, ja ko ruwan hoda ko kore, mai kama tafin hannu. Launin gargaɗi ne cewa an shafa wa irin magani. A Amurka, inda ake shuka masara a eka wajen miliyan 90 kowace shekara, kusan duk irin masarar da kamfanoni ke sayarwa da niyonik a jikinsa yake zuwa. Waken suya ma kaso mai yawa haka yake. Manomin da ya ce shi wanda ba a shafa ba yake so, galibi sai ya yi oda tun watanni kafin shuka, kuma ba lallai ya samu nau'in da ya ga dama ba. Wato an yanke masa shawara tun a masana'anta, an kuma sa kuɗin cikin farashin buhu.

Daga abin da aka shafa wa ƙwayar, ɗan kaɗan ne ke shiga tsiro. Masu bincike sukan ƙiyasta wajen kashi 5 cikin ɗari. Saura a ƙasa yake zama, ruwan sama ya kwashe shi zuwa rafi, ciyayin gefen gona su tsotsa su yi fure da shi. Wani ma tun ranar shuka yake tashi. Injin shuka na zamani da iska yake aiki, ƙwayoyin suna gogar juna a ciki, maganin ya koɗe ya fita kamar ƙura. A 2008, a kudu maso yammacin Jamus, gefen kogin Rhine, irin wannan ƙura daga masarar da aka shafa wa kilotiyanidin ta sauka a kan furannin da ke kusa, ta yi wa amya fiye da 11,000 lahani cikin 'yan makonni. Masu zuma suka riƙa wayar gari da ƙudaje zube a bakin amya.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda dokar Amurka ta kalli wannan iri. In ka sayi magani a kwalba, akwai rajista, akwai ƙa'idar yadda za ka fesa da yadda za ka zubar da saura. In maganin nan ne aka manna a jikin masara, sai ya faɗa wani rukuni da hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta keɓe daga waccan rajistar, wai ai kaya ne da aka sa wa magani. Sai ya zamana hanyar da aka fi zuba niyonik a gonakin ƙasar ita ce wadda aka fi kawar wa da kai.

Mutanen wani ƙauye mai suna Mead a jihar Nebraska sun ga abin da wannan giɓi ke haifarwa. Wata masana'antar man itanol, AltEn, ta riƙa karɓar ragowar irin da kamfanoni ba su sayar ba, tana sarrafa shi maimakon masarar ci. Dusar da ke fita ba ta ciyuwa ga dabba saboda guba, sai aka riƙa tara ta tsibi-tsibi a fili, tan dubu tamanin da ɗoriya, tana ɗoyi, ruwan kwatarta na malala. Amyoyin binciken jami'ar Nebraska da ke kusa suka yi ta mutuwa shekara bayan shekara. Sai a watan Fabrairun 2021 hukumomin jihar suka rufe wurin. Da a ce doka ta ɗauki irin nan a matsayin maganin ƙwari tun farko, da wuya a bar mota bayan mota na juye shi a wuri guda ba mai tambaya.

"Ai rigakafi ya fi magani"

Wannan ita ce hujjar da masu sayar da iri suka fi riƙewa, kuma tana da daɗin ji. Karin maganar gaskiya ce in akwai cutar da ake gudu. Amma maigidan da ya ce kowace safiya sai kowa a gidansa ya haɗiyi ƙwayar zazzaɓi, da mai ciwo da mai lafiya, shekara da shekaru, ba wanda zai yaba masa. Aljihu zai huje, kuma ranar da zazzaɓin gaske ya zo ƙwayar ta daina ji.

Maganin da ke jikin iri makonnin farko na tsiro kawai yake karewa, daga tsutsotsin cikin ƙasa da ƙwarin da ke zuwa da wuri. A yawancin gonakin masara da waken suya na can, a yawancin shekaru, waɗannan ba sa zuwa da yawan da zai jawo asara. Ba masu rajin muhalli ne suka ƙirƙiro wannan ba. EPA da kanta ta ce a 2014 shafa niyonik a irin waken suya amfaninsa kaɗan ne ko babu, a mafi yawan lokuta. A 2020 jami'ar Cornell ta fitar da wani dogon rahoto da jihar Niyok ta sa a yi, ta tattara gwaje-gwajen gonaki masu yawa, ta tarar a wajen tara cikin goma na gwajin masara, yabanyar ba ta fi wadda ba a shafa wa komai ba. A lardin Quebec na Kanada an yi shekara huɗu ana auna gonaki, aka ga ƙasa da kashi 5 cikin ɗari ne ke da ƙwarin da suka kai a kashe musu kuɗi.

Akwai ma inda maganin ya juya ya cuci mai gona. A jihar Pennsylvania masu bincike sun bi diddigin wani dodon koɗi maras ƙwarya da ke cin tsiron waken suya. Shi maganin ba ya kashe shi, don ba ƙwaro ba ne. Sai ya ci tsiron, gubar ta taru a jikinsa, buzuzun da ke farautarsa ya ci shi ya mutu ko ya naƙasa. Mafarauci ya ragu, ɓarawo ya yawaita, amfanin gona ya faɗi da wajen kashi 5 cikin ɗari. Manomi ya biya kuɗi an kashe masa mai gadi.

To, manomin da gonarsa ta faɗa cikin 'yan kaɗan ɗin da ƙwari ke kamawa fa? Tambaya ce mai kyau, don shi ba ruwansa da lissafin kashi-kashi; gonarsa ɗaya ce. A arewacin Italiya manoman masara sun samar wa kansu amsa. Sun kafa asusun taimakon juna, kowa ya zuba 'yan Yuro kaɗan kan kowace hekta, kuɗin da bai kama ƙafar na magani ba. Wanda tsutsa ta cinye wa tsiro a biya shi ya sake shuka. Quebec kuma wata hanyar ta bi: in kana son irin da aka shafa wa niyonik, sai malamin gona mai lasisi ya duba gonar ya sa hannu cewa akwai buƙata. Da aka fara haka, amfani da shi ya yi ƙasa warwas, noman masara kuma bai durƙushe ba.

Wannan hanyar jihar Niyok ta ɗauko. Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a dokar kare tsuntsaye da ƙudan zuma a watan Disambar 2023. Daga 2029 ba za a sayar da irin masara da waken suya da alkama mai niyonik ba, sai da takardar izini ga wanda ya nuna buƙata. Jihar Vermont ta biyo baya a 2024. Gwamnanta Phil Scott ya ƙi sa hannu, majalisa ta yi amfani da rinjayenta ta zartar. A ganina shekara biyar na jira ta yi yawa, amma na gane kamfanonin iri sai sun sake tsarin kayansu, kuma dokar da ta bar manomi ba iri ranar shuka ta fi rashinta muni.

"Ba maganin ke kashe ƙudan zuma ba, cuta ce"

Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Wata 'yar mitsitsiyar kaska mai suna varowa ita ce babbar annobar amya a Turai da Amurka. Ga ƙarancin furanni inda aka share daji aka shuka abu ɗaya iya ganinka. Yawan amyoyin da mutane ke kiwo a duniya ma ƙaruwa ya yi, bai ragu ba. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2017, wanda kamfanonin Bayer da Syngenta suka biya kuɗinsa, ya ga illa ga amya a Hungary da Birtaniya, amma bai gani a Jamus ba, inda ƙudan ke da wasu furannin da za su je.

Sai dai amya tana da mai ita. In ta mutu zai raba wata, ya sayi sarauniya, ya ba su ruwan sukari, lissafi ya koma daidai. Ƙudajen zuman daji, waɗanda nau'insu a duniya ya kai wajen 20,000, ba su da mai raba musu gida. Gwajin da aka yi a gonakin Suwidin a 2015 ya nuna haka ƙarara: ƙudan amya sun jure, na daji suka sha wuya. Ƙudan da guba ta raunana kuma shi cuta ta fi saurin kayarwa, don haka ɗora laifi kan kaska bai wanke magani ba.

Kuma maganar ta wuce ƙudan zuma. A Holan an gano a 2014 cewa inda ruwa ya fi ɗauke da imidakilofirid, nan tsuntsaye masu cin ƙwari suka fi raguwa. A Kanada an ba wasu ƙananan tsuntsaye masu ƙaura ɗan abin da bai wuce na 'yan ƙwayoyin iri ba, suka rame cikin sa'o'i, suka yi jinkirin tashi da kwanaki. A tafkin Shinji na Japan, manoman shinkafa sun fara amfani da niyonik a 1993. Ƙananan halittun ruwa da kifi ke ci suka ƙare, wani ɗan kifi da masunta ke kama tan 240 a shekara ya koma wajen tan 22. Masuncin nan ba ƙoshi ne ya sa shi kuka ba.

Ciyawar ƙofar gida

A nan ba ni da doguwar magana. Amurkawa na da al'adar shimfiɗa koriyar ciyawa a gaban gida da filayen wasan golf, kuma an ƙiyasta faɗinta a ƙasar ya kai eka miliyan 40. Wata tsutsa na cin saiwarta, ta bar tabo-tabo, sai maigida ya je kanti ya sayo magani ya barbaɗa, sau da yawa tun bai ga tsutsar ba. A jami'ar Kentucky an gwada fesa kilotiyanidin a ciyawar da ke da ƙananan furanni a ciki. Gidajen ƙudan dajin da suka yi kiwo a wurin ba su fitar da sarauniya ko ɗaya ba.

Ba wanda ke tuwo da wannan ciyawa. Duk hujjar yunwa da tsadar abinci ba ta iso nan ba. Jihohin Maryland da Connecticut sun janye maganin daga hannun gama-garin masu saye tun dokokinsu na 2016, New Jersey ta hana shi a yawancin ciyawar ƙawa a 2022, Niyok kuma ta tsara nata hanin mataki biyu, ƙarshen 2024 da ƙarshen 2026. Abin da ban gane ba shi ne me sauran ke jira.

Inda masu adawa suka fi ni hujja

Tarayyar Turai ta taƙaita guda uku daga cikin dangin niyonik a 2013, sannan a 2018 ta hana amfani da su a fili baki ɗaya, sai cikin rumfar gilashi. Ba a yi hakan kyauta ba. Turawa na yin sukari da wani tushe mai kama da gwaza, kuma darɓa na ɗauko masa wata cuta mai sa ganye rawaya. A 2020, bayan hunturun da bai yi tsanani ba, darɓar ta yi yawa, manoman Faransa suka yi asarar wajen kashi 30 cikin ɗari na amfaninsu. Gwamnati ta ba su izinin gaggawa a 2021 da 2022, har kotun Tarayyar Turai ta ce a watan Janairun 2023 irin wannan izini a kan irin da aka shafa wa magani ya saɓa doka. A Ingila kuma, wani tsiro mai furen rawaya da ake matsar mai daga 'ya'yansa ya sha fama da wani ɗan buzuzu mai tsalle bayan hanin. Manoma suka koma feshi da tsohon magani, wanda buzuzun ya riga ya saba da shi, da yawa suka haƙura da noman.

Waɗannan asarori ne na gaske, kuma duk mai goyon bayan takunkumi da ya yi kamar bai gan su ba, ba shi da adalci. Rahoton Cornell ɗin da na kafa hujja da shi ma ya ce a wasu kayan lambu da 'ya'yan itatuwa niyonik na da amfanin da ba a samu madadinsa mai kyau ba. Manomin Faransa kuma na da gaskiya in ya ce asetamifirid halal ne a sauran ƙasashen Tarayyar har 2033, makwabcinsa na fesawa yana kawo kaya kasuwa ɗaya da shi.

Akwai wani haɗarin: ka hana wannan, kamfani ya shafa wani sabo a irin, a ci gaba da gashi. Haka ta faru a Quebec, har sai da suka faɗaɗa ƙa'idar sa hannun malamin gona ta shafi duk irin da aka sa wa maganin ƙwari, ko wane iri ne. Darasin da na ɗauka shi ne, ɗabi'ar shafa wa kowace ƙwaya guba ita ya kamata doka ta kama, ba sunan sinadari kaɗai ba.

Birtaniya ta taɓa gwada tsakiya. Ta ce za a yarda da irin tushen sukarin da aka shafa wa magani ne kawai in hasashen masana ya nuna cutar za ta wuce wani mizani a shekarar. A 2021 sanyi ya yi ƙarfi, darɓa ta ragu, hasashen bai kai mizanin ba, aka shuka ba magani. Ana iya jayayya kan inda aka sa mizanin, amma tsarin a duba kafin a zuba shi ne nake kira a bi. Ƙarin dalilin da ya sa ba na son hanin kan-mai-uwa-da-wabi: kilotiyanidin ɗin nan yana cikin magungunan da ake fesa wa bangon ɗaki don kashe sauron da ya saba da tsofaffin magunguna, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince da shi a 2017. Bangon ɗaki ba ya fure.

Mu da muke nan

Kada mai karatu ya ɗauka labarin nesa ne. Ɗan ƙunshin Apron Star da ake sayarwa a shagunan kayan gona da farkon damina, wanda ake cuɗa gero ko masara da shi kafin shuka, tiyametokzam ne a ciki tare da maganin cututtukan tsiro guda biyu. Da yawa daga cikin kwalaben da ake fesa wa tumatir da wake da auduga, in ka karanta ƙananan rubutun jikinsu, za ka ga ɗaya daga cikin dangin.

Amma ba zan ce mu kwafo dokar Niyok mu manna ba, don yanayinmu daban. Manomin geron da gara da tsutsa ke cinye wa tsiro ya ga maƙiyinsa da idonsa, kuma in shukar farko ta lalace ba shi da asusun da zai biya shi, damina kuma ba ta jira. Shi ya ciro kuɗinsa ya sayi ƙunshin da kansa, da hannu yake shuka, ba injin da zai tayar da ƙura. In aka ƙwace wannan a hannunsa, abin da zai koma wa shi ne tsofaffin magungunan da suka fi cutar da mai feshin da ba shi da safar hannu ko takunkumin fuska.

Damuwata a nan wata ce. Na ga yadda ake cuɗa irin a ƙwarya da hannu tsirara, a ɗauraye hannun a bakin rijiya, ragowar irin a watsa wa kaji ko a ajiye a ɗakin da hatsin ci yake. Na ga mai tebur ranar kasuwa yana tsiyaya magani cikin gorar ruwa ba suna ba awo, mai saye ya tambayi murfi nawa, ya ce masa sa uku don ya fi ci. Ana fesa wa kankana da kabewa da gurji da hantsi, furanni a buɗe, ƙudaje na kai, alhali waɗannan ba sa yin 'ya'ya sai ƙwari sun ɗauki garin fure daga wannan zuwa wancan. Kaɗanya da riɗi da auduga ma bincike a Burkina Faso da Ghana ya nuna sun fi bayarwa in ƙudan zuma sun ziyarce su. Ƙungiyar cibiyoyin kimiyya ta Afirka ta yi gargaɗi kan niyonik a rahotonta na 2019 tun abin bai kai na Turai ba.

Abin da za a iya yi ba ya buƙatar jiran 2029. Ya kamata hukumar NAFDAC ta tilasta gargaɗin jikin kwalba da ƙunshi ya zo da Hausa, da boko da ajami, da zanen da wanda bai yi karatu ba zai gane: kada a fesa lokacin fure, in ya zama dole a bari sai yamma liƙis. A kama masu tsiyayar magani a gora. Kamfanonin irin da ke bunƙasa a Zariya da Kano kuma a wajabta musu ajiye nau'in da ba a shafa wa maganin ƙwari ba kusa da wanda aka shafa, kowanne da farashinsa, tun ba mu wayi gari yadda manomin Amurka ya wayi gari ba.

Akwai kuma batun kasuwa. Kamfanonin Turai sun ci gaba da sarrafa magungunan da aka hana a gonakinsu suna turo wa ƙasashe masu tasowa. Faransa da Beljiyam sun yi dokar rage hakan, amma ba duka ƙasashen ba. A lokaci guda Tarayyar ta zartar a 2023 cewa daga watan Maris na 2026, duk abincin da za a shigar mata kada a samu ɓurɓushin kilotiyanidin ko tiyametokzam a jikinsa sama da mafi ƙanƙantar abin da na'ura ke iya aunawa. Mun taɓa ɗanɗana irin wannan a 2015, lokacin da ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda ɓurɓushin wani maganin daban, dikulobos. Masu fitar da koko da citta da riɗi zuwa Turai su ne za a fara buɗe wa buhu a tashar jirgin ruwa, kuma yawancin manoman da suke saye a hannunsu ba a taɓa gaya musu sunan abin da ke cikin kwalbar da suke fesawa ba.